Tinariwen sun ci Grammy sun zaga duniya, to me ya sa mu maƙwabtansu ba mu san su ba?

Sadiq_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai abin da ya tsaya min a rai tun daren jiya. Ina zaune a shagon abokina mai gyaran waya, sai ya kunna wani kiɗan jita mai tafi da amshi, a natse, ba gaggawa. Dattijon da ke gadin layin, mutumin Nijar ne mai rawani, ya bar butar shayinsa a kan gawayi ya zo ya tsaya bakin ƙofa har waƙar ta ƙare. Ya ce mana wannan Tinariwen ne, tun yana saurayi yake jin su a kaset. Da na koma gida na bincika, sai na tarar mutanen nan Abzinawan arewacin Mali ne, sun ci Grammy, babbar lambar yabon kiɗa ta Amurka, a 2012, kuma cikin waɗanda suka kayar har da Femi Kuti. Sun haura shekara 20 suna zaga Turai da Amurka. Tambayata ita ce, yaya aka yi maƙwabtanmu na kusa suka kai wannan matsayi, mu a Kano ko sunansu ba mu sani ba? Ni a ganina lambobin yabon nan da rangadin nan duk harkar Turawa ce, ba ta iso gare mu ba, kuma ina shakkar ko ta amfani mutanensu. Wanda ya fi ni sani ya gyara min.

Dan_Agadas:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, gara da ka ce "mu a Kano". A Agadas ba wanda zai tambaye ka su wane ne Tinariwen. Nan biki ba ya cika sai an fita bayan gari da janareto da lasifika an kaɗa jita, kuma duk yaron da ya ɗauki jita da waƙoƙinsu ya fara koyon hannu. Mun san su tun Grammy ba ta san da zamansu ba.

Garba_Kaset:
Sadiq ɗana, bari in ba ka na tsofaffi. Na yi sana'ar kaset a Maraɗi shekaru masu yawa kafin waya ta kashe kasuwar. Kaset ɗinsu ba daga kamfani yake zuwa ba, babu hoto, babu suna a jiki. Direban babbar mota ne zai taho da guda ɗaya daga arewa, ya sha rana ya sha ƙura, mu kuma mu sa a rikoda mai baki biyu mu yi ta kwafa. Muryar ta dusashe, kana jin tarin mutane da ƙarar kofin shayi a bayan waƙar, amma haka ake saye. Akwai lokacin da ba a ajiye shi a saman tebur, sai wanda ka yarda da shi ya tambaya ka ciro daga ƙasa, saboda hukuma tana ɗaukar sa kiɗan 'yan tawaye. Ka ga ashe rangadinsu na farko ba da jirgin sama aka yi shi ba, a aljihun direbobi aka yi shi.

Sadiq_Fagge:
Allah ya ƙara girma Baba Garba. Wannan ban same shi a inda na duba ba.

KB_Kaduna:
Ni fa ban ga abin mamaki ba. Ba da Hausa suke waƙa ba, ba da Turanci ba, ta yaya za mu san su? Kuma a 2021 sun sake shiga takara Burna Boy ya doke su. Shi ya cika filin ƙwallo a Landan a 2023, su fa?

AgTenere:
Sannunku. Ni Ba'abzine ne, an haife ni a yankin Tawa, Hausa kuma da ita na tashi kamar harshenmu na Tamashek. Kafin in shiga maganar, roƙo ɗaya: na ga wasu za su fara cewa Buzaye. Mun saba da sunan, ba faɗa ba ne, amma Abzinawa ya fi mana daɗin ji.

Sadiq, idan kana son gane lambar yabon sai ka fara da inda aka taso. Ibrahim Ag Alhabib, jagoransu, ɗan Tessalit ne a arewacin Mali. Yana ɗan shekara huɗu sojoji suka kashe mahaifinsa a tawayen 1963. Ya girma yana ɗan gudun hijira a kudancin Aljeriya, jitarsa ta farko da gwangwani da sanda da wayar birkin keke ya haɗa ta. Sai farin 1973 da 1974 ya zo ya share dabbobi, samari suka watsu neman aiki a Aljeriya da Libiya, wasu suka gangaro Kano da Katsina suna gadi, irin dattijon da ka gani. Waɗannan samarin ake kira ishumar, daga kalmar Faransanci ta marar aikin yi. A cikinsu aka kafa ƙungiyar a Tamanrasset a 1979. Da Gaddafi ya buɗe sansanonin horon soja a farkon shekarun 1980 sun shiga, kuma wasunsu sun yi yaƙi a tawayen 1990. Bayan yarjejeniyar Tamanrasset ta 1991 suka ajiye bindiga suka riƙe jita kaɗai.

Sunan kansa jam'i ne na tenere, wato hamada. Kiɗan kuma mu assuf muke ce masa. A Hausa kalmar da ta fi kusa ita ce kewa, irin wadda ke kama mutum da dare idan ya tuna gida alhali ba halin komawa.

Ummu_Khalid:
Allahu akbar. Yaro ɗan shekara huɗu. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Nura_Jamus:
Malam AgTenere ya kawo tushe, bari ni in ɗora da yadda suka fita waje, don na bi abin sosai tun da na zo karatu nan. A 1998 suka haɗu da wata ƙungiyar mawaƙan Faransa mai suna Lo'Jo a Bamako, shekara ta zagayo aka gayyace su Faransa. Daga wannan zumuncin aka shirya bikin kiɗan nan, Bikin Hamada, na farko a Tin Essako a watan Janairun 2001. Faifansu na farko da ya shiga kasuwar duniya a gidan rediyon Tisdas na Kidal aka ɗauke shi, da wutar da ba ta tsayawa. Daga nan ƙofa ta buɗe. BBC ta ba su lambar kiɗan duniya ta ɓangaren Afirka a 2005. A 2006 Carlos Santana ya hau dandamali da su a Montreux ta Suwizalan. A watan Agustan 2007 su ne cikin waɗanda suka buɗe wa Rolling Stones wasa a Slane ta ƙasar Ailan. A 2008 nan Jamus aka ba su lambar Praetorius, a 2009 mujallar Uncut ta Ingila ta zaɓi faifansu Imidiwan a matsayin gwarzon shekara. Duk wannan kafin Grammy ne.

KB, da ka ce su fa, ka tuna bikin buɗe gasar cin kofin duniya ta 2010? Wasan da aka yi a filin Orlando na Soweto ranar 10 ga Yuni, wanda Shakira ta yi waƙa? Suna cikin waɗanda suka hau. Da yawanmu mun kalla a talbijin, mun ga masu rawani da jita, ba mu tambayi su wane ne ba.

KB_Kaduna:
Kai, wallahi na kalli wannan wasan a gidan kallon ƙwallo. Ashe su ne. To na karɓi wannan. Amma maganar filin Landan tana nan.

Nura_Jamus:
Tana nan, ba wanda ya ƙwace wa Burna nasa. Sai dai ba ma'auni ɗaya ba ne. Shi yana da miliyoyin 'yan Najeriya a gida da waje da ke sayen tikiti. Su al'ummarsu ba ta da wannan yawan ko wannan kuɗin, kusan duk wanda ya shiga zauren wasansu baƙo ne da ba ya jin ko kalma ɗaya. Ka riƙe irin waɗannan mutane shekara 20 suna dawowa, ai ba ƙaramin aiki ba ne.

Hajiya_Damagaram:
Ni abin da ya dame ni a maganar Grammy ɗin shi ne lokacin da ta zo. An ba su ita ranar 12 ga Fabrairun 2012. A tsakiyar Janairu yaƙi ya riga ya ɓarke a Menaka. Muna nan Nijar muna ganin mata da yara suna tsallako iyaka da 'yan ƙunshin kayansu. A watan Maris aka yi juyin mulki a Bamako, a Afrilu arewa ta fita daga hannun gwamnati. Wato a daidai lokacin da ake tafa musu a Amurka, garuruwansu suna watsewa. Wace murna mutum zai yi da kofi alhali bai san inda uwarsa ta kwana ba? Shi ya sa na fahimci Sadiq da ya ce yana shakkar ko abin ya amfani mutanensu.

MalamHabu:
Jama'a ku yi haƙuri, zan faɗi abin da wataƙila ba zai yi wa wasu daɗi ba. Muna ta lissafin lambobin yabo a kan kiɗa, alhali mun san abin da malamai da yawa suka ce game da kayan kiɗa. Musulmi ne su, Musulmi ne mu. Bai kamata a wuce wannan kamar babu shi ba.

Ummu_Khalid:
Allah ya gafarta Malam, gaskiya ne akwai maganar malamai, kuma akwai saɓani a cikinta tun da can. Wanda ya zaɓi ya bar sauraro ya yi don Allah, ba mai zarginsa. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne yadda aka yi a arewacin Mali a 2012, inda masu bindiga suka hana kiɗa da ƙarfi, suna ƙona kayan mutane. Wannan ba wa'azi ba ne.

MalamHabu:
A kan wannan ba mu da saɓani, Malama. Nasiha da baki ake yin ta, ba da bakin bindiga ba. Na faɗi nawa, ku ci gaba.

AgTenere:
Na gode da yadda kuka yi maganar nan cikin mutunci. Abin da Ummu Khalid ta ambata ya taɓa ƙungiyar kai tsaye. A farkon Janairun 2013 'yan Ansar Dine, cikin masu bindigar da suka hana kiɗan, suka kama ɗaya daga masu jitarsu, Abdallah Ag Lamida, wanda muke kira Intidao, ya je ceto jitocinsa. Allah ya sa daga baya suka sake shi. Abin da ya fi ciwo shi ne shugaban Ansar Dine, Iyad Ag Ghali, shi ne ya jagoranci tawayen 1990, sun san juna tun Libiya. Ba baƙo ba ne ya zo ya hana su, na gida ne.

Ku duba inda suka riƙa ɗaukar faifansu za ku ga taswirar gudun hijira. Tassili, wanda ya ci Grammy, a hamadar kusa da Janet ta Aljeriya aka yi shi, a cikin tanti, domin tun lokacin baƙi ba sa iya shiga yankin Kidal lafiya. Na 2014 a Joshua Tree ta Kalifoniya. Na 2017 wani ɓangarensa a kudancin Maroko. Na 2019 a Muritaniya, kusa da Nuwakshot. Na 2023 suka koma Janet. Duk inda suka je sai sun nemi rairayi da sarari, amma ba nasu ba. Saboda haka idan aka ce suna rangadi, wani lokaci ba zaɓi ba ne, hanyar gida ce a rufe.

Sadiq_Fagge:
Wannan ya sauya min kallon abin. Ni na ɗauka sun samu duniya ne sun manta baya.

Direba_Arlit:
Ba su manta ba. Ni hanyar Agadas zuwa Arlit nake bi, wani lokaci har Assamaka. Idan dare ya yi aka tsaya aka hura wuta, fasinja Ba'abzine zai ciro waya ya kunna, ka ga manya sun yi tsit. Na taɓa tambayar wani abin da ake faɗa, ya ce ana tambayar 'yan'uwa ne me ya raba kansu, ana maganar ƙishirwa da rijiyoyin da suka ƙafe. Bai san wata Grammy ba, ni ma a nan na fara jin sun ci ta.

Rabi_Nima:
Gaisuwa daga Ankara ta Gana. Ina da tambaya ta gefe. An ce ƙungiyar rock ce, amma ni da na saurara yanzu ban ji ihu da hayaniyar da na sani a rock ba. Tafi nake ji da amshi, kamar waƙar gaɗa. Me ya sa ake ce musu rock?

Nura_Jamus:
Anti Rabi, saboda kayan aikin ne da kuma ruhin abin. Jitar lantarki biyu ko uku, da jita mai kaurin murya, da ganga. Su kansu sun ce a zamanin Libiya da Aljeriya sun saurari Jimi Hendrix da Santana da Dire Straits da Bob Marley a kaset. Amma ƙashin bayan kiɗan nasu ne na gado. Akwai tinde, gangar da mata ke yi da turmi a ɗaure masa fata, akwai imzad mai tsirkiya ɗaya kamar gogenmu, ita ma mata ke kaɗawa. Wannan tafin da amshin da kika ji daga can ya fito. Turawa sun rasa inda za su ajiye shi, wasu su ce rock na hamada, wasu su ce blues na hamada.

Barrister_Sokoto:
A nan ne ni nake da ƙorafi, kuma ya koma kan tambayar Sadiq ta farko. In dai rock ne, me ya sa ba a sa su takara da masu rock ba? Rukunin da suka ci sunansa kiɗan duniya. Wato an tara Afirka da Asiya da Kudancin Amurka a kwando ɗaya, kofi ɗaya, su kuma can kowane salo da rukunansa. A shekarar da suka ci, abokan takararsu su ne Femi Kuti, da Ladysmith Black Mambazo na Afirka ta Kudu, da haɗakar mawaƙan Mali da Kyuba. Me ya haɗa waɗannan in ban da cewa ba Amurkawa ba ne? A ƙarshen 2020 sun sauya wa rukunin suna, amma kwandon bai sauya ba a lokacin.

Sannan a san yadda abin yake tafiya. Mambobin wata cibiyar masu harkar kiɗa ta Amurka ne ke kaɗa ƙuri'a, kuma sai faifanka ya fita a kasuwarsu an shigar da shi takara. Tassili kamfanin Amurka ne ya fitar da shi a can, kuma akwai mawaƙan Amurka a ciki, biyu daga ƙungiyar TV on the Radio da mai jitar ƙungiyar Wilco. Ban ce bai cancanta ba, faifai ne mai kyau ƙwarai. Amma da waɗancan kaset ɗin da Baba Garba ya kwafa ne, ko sun fi shi daɗi sau goma ba mai jin labarinsu a can.

Ku tuna 2005 ma, lokacin wasannin Live 8 da aka ce don Afirka ake yi. Babban dandamali yana Landan, mawaƙan Afirka kuma, har da Tinariwen, aka kai su can Cornwall.

Garba_Kaset:
Barista ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ni har gobe na kaset ɗin sun fi shiga raina. Na yanzu sauti ya fita tas, amma a na da kana jin mutanen da ba su san ko za su wayi gari ba.

Dan_Agadas:
Ban yarda a rage darajar lambar ba. Ku dubi abin da ya biyo baya a Nijar. Bombino namu na Agadas ya gudu Burkina Faso lokacin tawayen 2007, ya dawo ya yi wasa a gindin babban masallacin Agadas a Janairun 2010, ni ina wurin, ban taɓa ganin garin ya yi farin ciki irin na ranar ba. A 2013 mai jitar ƙungiyar Black Keys ya shirya masa faifai a Amurka. A 2019 ya shiga takarar Grammy da faifansa Deran, ɗan Nijar na farko da ya kai nan. Mdou Moctar ma ga shi yana zaga duniya. Wa ya share musu hanya? Mai shirya wasa a Turai ba ya sa kuɗinsa a abin da bai sani ba. Da Tinariwen suka nuna ana cika zaure da waƙar Tamashek, sai aka fara neman na bayansu. Wannan ai amfani ne, Sadiq.

Kuma kada a manta da marigayi Abdallah Oumbadougou, shi ne uban jita a Nijar, ya rasu a 2020. Bai ci Grammy ba, amma ba mai jitar da zai ce bai sha daga rijiyarsa ba.

Hajiya_Damagaram:
Ɗan Agadas, na yarda ta buɗe wa mawaƙa hanya. Ni maganar talakan da ke sansanin gudun hijira nake yi. Shi me ya samu?

Nura_Jamus:
Hajiya, lamba ba ta tsayar da yaƙi, wannan gaskiya ne. Amma bari in faɗi abin da na gani da idona. Sun zo garin da nake, na sayi tikiti da kuɗin da na tara na aikin hutu. Zaure ya cika da Jamusawa, mu 'yan Afirka ba mu da yawa, muka taru a gaba. Da suka fito cikin manyan riguna da rawani, wata mata 'yar Mali da ke kusa da ni ta rangaɗa guɗa, sai hawaye. Ba su da yawan magana a kan dandamali, ɗan gaisuwa da Faransanci sai kiɗa. Bayan an tashi, wani dattijo Bajamushe ya tare ni yana tambaya ko daga can nake, ya ce shi saboda mutanen nan ya fara karanta labarin Mali, ya san Kidal, ya san farin 1973. Wannan mutumin da ba don jita ba har ya mutu ba zai san akwai wasu mutane a wurin ba. Ko ya isa ko bai isa ba, ke za ki faɗa, amma ba banza ba ne.

Kuma kada a ɗauka rangadi hutu ne. Kuɗin jirgi, masauki, biza, kason mai shirya wasa da na manaja, duk daga kuɗin ƙofa suke fita, abin da ya rage a raba wa mutane da yawa, kowanne da dangi a bayansa. Yau wannan gari gobe wancan, cikin sanyin da ba su saba ba. Akwai shekarun da Ibrahim kansa bai bi su ba, ya zauna wajen iyalinsa, Abdallah Ag Alhousseyni ya ja ragamar. Shi ya sa fuskokin da ke kan dandamali suke sauyawa, ƙungiyar ta fi kama da zuri'a.

KB_Kaduna:
Na karanta cewa har barazana aka yi musu a Amurka. Gaskiya ne?

Barrister_Sokoto:
Gaskiya ne, a 2019, a garin Winston-Salem na jihar North Carolina. An sa tallar wasansu a Facebook, wasu suka ga rawani suka fara zagi suna kiran su 'yan ta'adda, har da masu barazanar zuwa da bindiga. Mutanen da masu tsattsauran ra'ayi suka kora daga gida, su ne aka kira da wannan suna. An ƙara tsaro, aka yi wasan. Shekara 7 kenan bayan Grammy, ka ga kofin bai hana a yi musu kallon rawani ba.

AgTenere:
Matsalar hanya ma ba ta ƙare a kansu ba. Lokacin juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, Mdou Moctar da yaransa suna tsakiyar rangadi a Amurka, aka rufe iyakoki, suka maƙale a can sai da masoya suka yi musu karo-karo. Mawaƙin Landan idan ya gama wasa gida zai koma ya kwanta. Namu sai ya duba labarai tukuna.

Rabi_Nima:
Na gode Nura, yanzu na gane. Amma sai abin ya sa ni tunanin namu. Shata ya yi zamani, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa, Ɗan Maraya Jos ya fita ƙasashe da kuntiginsa. Mu Hausawa mun ninka Abzinawa yawa nesa ba kusa ba. Me ya hana a samu ƙungiyar da za ta ɗauki gurmi ko molo ko goge ta zaga duniya haka? Nan Zango yaranmu duk kiɗan kwamfuta suke yi.

Garba_Kaset:
Hajiya Rabi, yawan namu ne ya riƙe mu. Mawaƙin Hausa yana da kasuwa daga Ankara har Sudan, ga biki, ga siyasa, ga fim, bai matsu ya nemi Bature ba. Su kuwa ba su da wannan kasuwar, dole ta sa suka fita. Illar ita ce mun saki kayan kiɗan hannu. Yau ka nemi matashin da zai riƙe kalangu awa biyu a gaban jama'a ba tare da kwamfuta ba, sai ka sha wuya. Su kuma abin da suke sayarwa kenan, hannu da murya.

Ummu_Khalid:
Baba Garba, akwai masu yi har yanzu a ƙauyuka, ba a ɗaukar su da daraja ne kawai. Mai gurmi ya zo ƙofar gida a ba shi sadaka a sallame shi.

Sadiq_Fagge:
To ni dai na janye rabin maganata. Na yarda rangadin ya buɗe wa wasu hanya kuma ya kai labarinsu inda ba zai je ba. Amma rabin yana nan: har yanzu ban ga dalilin da zai sa ɗan Jamus ya san Kidal ta hanyarsu, ni da ke kwana ɗaya da Agadas a mota sai a bakin mai gadi zan ji ba. Gidajen rediyonmu suna sa na Indiya suna sa na Amurka.

Dan_Agadas:
Wannan rabin ku za ku amsa shi, ba su ba. Iyakar nan da aka shata ta sa ku kuna kallon Legas da Landan, mu muna kallon Yamai da Faransa, alhali raƙumanmu sun fi shekara ɗari suna sauke gishirin Bilma a kasuwanninku.

Hajiya_Damagaram:
Ni kuma ina nan a kan bakata. Ranar da na ji an ce sun yi wasa a Tessalit, mata sun fito da tinde ba mai tsoron kowa, ranar zan taya su murnar kofi.

AgTenere:
Allah ya nuna mana, Hajiya. Bikin Hamada kansa tun na Janairun 2012 a bakin Tumbuktu, wanda mawaƙin Ailan Bono ya halarta, bai sake zama a gida ba. Wasu daga cikin 'yan Tinariwen na farkon ma sun riga mu gidan gaskiya, Inteyeden tun 1994, Japonais a 2021.

Sadiq, idan ka koma shagon ka gaishe min da dattijon. Ka tambaye shi daga wane yanki yake, kuma ka bar shi ya fassara maka waƙa ɗaya da bakinsa, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Idan ya miƙo maka shayi kada ka tashi a kofin farko, uku ake sha.

Sadiq_Fagge:
In sha Allahu yau bayan isha'i zan je. Baba Garba, cikin tsofaffin kaset ɗin nan akwai wanda ya rage a hannunka? Abokina yana da na'urar da ke juyar da kaset zuwa waya.

Garba_Kaset:
Akwai kwali biyu a ɗakin ajiya, rabona da buɗe su tun rasuwar mai ɗakina. Bari in sa jikana ya sauko da su gobe mu ga abin da gara ta bari.